Tanki na lilo a bakin ƙugiya, dan Allah yaya ake tsayar da shi?

mai_walda_Zango

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da sanyi. Dan Allah waɗanda suka san aikin motar ƙugiya, wadda mutanen Kano ke ce ma kiren, ku taimaka min da shawara, abin ya tsaya min a rai yau kwana huɗu ban yi barcin kirki ba.

Ni mai walda ne, garejina na nan Zango, kuma yawancin aikinmu yanzu shato ne, wato hasumiyar ɗora tankin ruwa, na foraj, kun dai san yadda sha'anin ruwa yake a Damagaram, wanda ya samu hali ya haƙa nashi, ko ƴan ƙauye su haɗa kuɗi a yi musu. Mukan haɗa ƙafafun ƙarfen mu kafa sannan a ɗora tanki a bisa. Ƙananan na roba da igiya da samari majiya ƙarfi muke hawar da su ba matsala, amma wannan karon tankin ƙarfe ne mai lita 10,000, ni na ƙera shi da hannuna, ba ruwa a ciki zai yi tan ɗaya da ƴan kai, shaton kuma mita 8 ne, a wani ƙauye kan hanyar Mirya. Dole muka yi hayar mota.

Mun yi da su ƙarfe bakwai na safe, ba su iso ba sai goma da rabi, lokacin iska ta riga ta tashi hazo ya rufe ko'ina. Muka saƙala sarƙa biyu a kunnuwan da na walda a saman tankin, na ɗaura igiya guda a gindi na miƙa ma yarona, ɗan yayata ne shekararsa 19. Tun tashin farko tankin ya ja gefe kamar an fizge shi. Direban ya ci gaba da ɗagawa ya juya hannun motar wajen shato da ɗan sauri, da ya zo saiti sai ya tsaya cak, shi kuwa tanki bai tsaya ba, ya wuce ya dawo ya sake wucewa yana kuma juyawa kamar katantanwa, kowa na ihu kowa na ba direba umarni, a dawowa ta uku ya maki ƙafar shaton wlh ƙarar har cikin gari aka ji ta. Yaron ashe ya naɗe igiyar a hannu don ya samu ƙarfin riƙewa, tankin ya ja shi a ƙasa ya kai taku biyar, igiyar ta saɓule mishi fatar tafin hannu da bayan yatsu. Alhamdulillahi ba karaya, an wanke an naɗe a gidan likita, amma da na kai shi gida na haɗa ido da yayata na rasa abin da zan ce mata.

An sauke tankin, na gyara ƙafar da ta lanƙwashe, ranar Asabar za mu sake. To ina so in sani me ke kawo wannan lilon, laifin iska ne ko na direba ko namu masu ɗauri? Wani abokina ya ce tankin ne ya yi rashin nauyi, wai in zuba ruwa kamar kwata ya danne shi, shin haka ne? Kuma na sha ganin bidiyo jirgi mai saukar ungulu ya rato mota sukutum a ƙarƙashinsa yana tafiya da ita a sama lafiya lau, su me suke yi da mu ba mu yi, tunda su ko mai riƙe igiya ba su da shi?

tsohon_direban_ƙugiya

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa iyakar wahalar kenan, ka gaishe min da mahaifiyarsa. Na yi shekara ashirin da wani abu a kan kujerar nan, har lokacin da ake gina matatar mai ta hanyar Tanut kafin a buɗe ta a 2011 ina cikin aikin, yanzu ido ya ja baya na bar ma yara.

Maganar ruwa tukuna don ita ta fi tayar min da hankali. Kar ka kuskura, ko bokiti ɗaya kar ka zuba. Lita dubu tan ɗaya ce cif, kwatan tankinka tan biyu da rabi kenan ka ƙara ma motar da ba ka san ƙarfinta a wannan nisan ba, kuma ruwan da bai cika mazubi ba yana da nashi lilon a ciki. Tambayi duk yarinyar da ke ɗebo ruwa a ka, rabin bokiti ya fi cikakke wuyar ɗauka. Tanki ya yi gabas ruwa ya yi yamma, wa zai raba su a sama?

Sannan inda ka ce tun tashin farko ya ja gefe, to nan aikin ya lalace ba a sama ba. Kan hannun motar bai zo saitin tsakiyar tankin ba. Kaya duk inda yake, da ya rabu da ƙasa sai ya ruga ƙarƙashin kan hannu, in ka kauce da taku biyu to ka sayi lilon taku biyu kowane gefe tun ba ka fara ba. Shi ya sa mutum biyu ke dubawa, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, su ga wayar ta sauko sak kamar zaren magina. Sai a ja a hankali har sarƙa ta miƙe, a tsaya a sake dubawa, saboda hannun mota na ɗan rusunawa in ya ji nauyi kansa ya ƙara gaba, sai direba ya ɗan ɗaga shi ya maido. Daga nan a ɗaga tankin ɗani ɗaya kawai daga ƙasa a bar shi ya rataya, a ga ya zauna daidai ko ya karkace, a ga ƙafafun mota ba su nutse ba. In da gyara a sauke a gyara, ko sau biyar ne. Wannan minti biyun shi masu kuɗin awa ke jin ƙyashinsa kuma shi ne rabin aikin.

To in lilo ya riga ya kama fa. Kaya mai lilo ba a kokawa da shi, binsa ake yi. In ya tafi dama ka ƙyale shi sai ya kusa ƙurewa, wurin nan da yake ɗan tsayawa kafin ya juyo, sai ka tura kan hannu dama ka je ka tsaya a bisa kansa. Ba shi da inda zai koma, nan zai mutu. In bai mutu duka ba ka sake a zuwa na gaba. Sabon direba tsoro ke sa shi ya ja hagu wai zai maido shi, wannan fetur ne a wuta. Haka wurin tsayawa, ba a taka birki cak, tun da nisa kake rage gudu, kaya ya ɗan wuce ka sai ka ƙara taku ɗaya ka cim mishi. Maigidana da ya koya min, Allah ya jiƙansa, bokiti ya cika da ruwa ya rataya min a ƙugiya ya ce in kai shi in ajiye a bisa durom ba tare da ya zuba ba, wata biyu ina wannan kafin ya bar ni na taɓa kayan mutane.

Igiyar da ka ba yaron mu akala muke ce mata, kuma sunan ya faɗi aikinta. Ba da akala ake ɗaukar raƙumi ba, hanya ake nuna mishi da ita. Aikinta ta hana kaya juyawa, ta daidaita fuskarsa in za a ajiye, ba wai ta tsayar da tan ɗaya da ke gudu ba, wannan ko ƙarti goma ba su yi. Biyu za ka ɗaura, ɗaya kowane gefe, dogaye yadda in tanki ya kai can bisa masu riƙewa suna nesa da inda zai faɗo in wani abu ya tsinke. Su sa safar hannu ta fata. Ba naɗewa a hannu, ba ɗaurawa a ƙugu, ba ƙulli ko zarge a wutsiyar, kuma ragowar igiyar kar ta taru a ƙarƙashin ƙafarsu. Ka gaya musu da bakinka in ta fi ƙarfinku ku saki, tanki na da gyara. Mutum bai shiga tsakanin kaya da ƙarfen shato, bai tara hannu wai zai tare.

Mai magana da direba mutum ɗaya ne, da hannu, inda direba ke ganinsa. Sauran kowa ya yi shiru, sai dai kalmar tsaya, wannan ko yaro ya faɗa a tsaya.

Ƙasar wajen Mirya rairayi ce, a baje ƙafafun mota duka huɗu har ƙarshe a sa musu katako masu kauri da faɗi a ƙasa, mota ta zauna daidai ba karkata, in ta karkata kaya zai riƙa zamewa gangare duk ƙwarewar direba. Ka duba ko akwai wayar lantarki kusa, ƙa'ida mita 3 ce mafi ƙaranci, manyan layuka mita 5, da hannun mota da tanki da igiya duka. Kuma da hunturu ba a wannan aiki da hantsi. Iskar nan takan kwanta da asuba ta tashi in rana ta ɗaga, in ba su zo da wuri ba a bari sai la'asar sakaliya ko gobe.

malamin_fizik

Sannu Baba, wlh abin da kuka faɗa shi ne a littafi, sai dai mu da alli muka san shi ku da hannu. Ƙanena mai walda bari in ƙara maka lissafin don ka cire maganar abokinka daga rai gaba ɗaya.

Lokacin da abu mai rataye ke ɗauka ya je ya dawo bai da alaƙa da nauyinsa, tsawon igiya ne kawai ke yanke shi. Galileo ya gano wannan shekaru ɗari huɗu da suka wuce, kuma duk wanda ya taɓa jan guga ya gani, a rijiya mai zurfi irin ta Damargu guga a can ƙasa a hankali take reto, tana matsowa baki tana ƙara sauri. Igiya mai mita 1 sakan 2 ne zuwa da dawowa, mita 4 sakan 4, mita 10 sakan 6 da ɗan kai, mita 25 sakan 10. Ana aunawa daga kan hannun mota zuwa tsakiyar kayan, ba zuwa ƙugiya ba. Ko tan ɗaya ka rataya ko tan biyar lokacin ɗaya ne, bambancin kawai mai tan biyar in ya maki ƙafar shato ba gyara za ka yi ba sabo za ka ƙera.

Amfanin sanin wannan shi ne akwai dabarar da ke kashe lilo tun kafin a haife shi. A ce tsawon mita 10 ne, rabin lokacinsa sakan 3 kenan. Direba ya tashi da rabin gudun da yake so, ya ƙirga sakan 3, sannan ya ƙara sauran rabin. Turawar farko ta haifar da lilo, ta biyun ta zo daidai lokacin da za ta soke shi. Wurin tsayawa ma haka, rage rabi, ƙirga uku, tsaya. Manyan ƙugiyoyin da ke sauke kwantena a tashoshin jiragen ruwa da na cikin masana'antu da yawa kwamfuta ce ke musu wannan lissafin, direba na tura sanda ita tana rarraba turawar. Wani abu kuma, in kaya na cikin lilo kar a naɗe waya sama a lokacin, igiya na gajarcewa lilon na ƙara sauri da zafi. A kashe shi tukuna sannan a ɗaga.

Inda abokinka ya ɗan taɓo gaskiya shi ne iska ta fi wasa da abu mai faɗi marar nauyi. Iska mai gudun mita 10 a sakan, wato kilomita 36 a awa, tana danna wajen kilo 6 a kan kowace murabba'in mita. In gudunta ya ninka ba ninki biyu ƙarfin ke yi ba, huɗu yake yi, kilo 24. Gefen tankinka zai yi kusan murabba'in mita 6, kaga daga kilo talatin da wani abu an koma kusan ɗari da arba'in, wannan ya isa ya kautar da tanki marar ruwa wajen mita guda a igiya mai mita 10, kuma iska ba a miƙe take zuwa ba bugu-bugu take, in bugun ya dace da lokacin lilon sai ta zama kamar yaro mai tura ɗan uwansa a lilo. Maganin wannan jira ne ba ƙarin nauyi ba.

Tunda kai ka walda kunnuwan, ka kula da tsawon sarƙoƙin ma. In gajeru ne suka buɗe sosai a ƙarƙashin ƙugiya nauyin da kowace ke ji yana hawa. In kusurwar tsakaninsu digiri 60 ce kowace na ɗauke da rabi da ɗan ƙari, a digiri 90 kashi 70 cikin ɗari, a digiri 120 kowace ɗaya tana jin nauyin tankin duka, kuma suna matse kunnuwan ciki ta gefen da ba ka walda su don shi ba. Hanya mai sauƙi ba sai da ma'auni ba, tsawon kowace sarƙa kar ya gaza nisan da ke tsakanin kunnuwa biyun, in sun yi daidai digiri 60 kenan.

hajiya_Birni

Allah ya ba yaro lafiya. Ni ban san aikinku ba amma maganar iska dan Allah kar ku raina ta. Ina Makka shekarar 2015 ranar Juma'ar nan 11 ga Satumba da ƙugiya ta faɗo cikin Harami, hadari ne ya taso da iska da yamma kafin magariba, mutum sama da ɗari suka rasu ana saura kwanaki a hau Arfa, kuma ita ba ma ɗaukar kaya take ba a lokacin, a tsaye take. Har yau in na ga doguwar ƙugiya gabana faɗuwa yake. Ɗana ka bi maganar dattijon nan, kuma ku kori yaran gari daga wurin, na san halinsu da kallo.

tsohon_direban_ƙugiya

Amin Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Maganar ƴan kallo gaskiya ce na manta ta, a ja igiya a kewaye wurin.

Malam lissafinka daidai ne, na ji daɗi da na ga abin da hannuna ya sani yana da lamba. Amma kar mai walda ya je ya tsaya kan direba yana ƙirga mishi ɗaya biyu uku, za a samu matsala. Ƙugiyar kwantena a kan dogo take tafiya miƙe, tamu juyawa take, in ka juya da sauri kaya ba gefe kaɗai yake lilo ba waje yake fita yana zana da'ira, kuma yana fita waje nisansa da mota na ƙaruwa, ƙarfin mota na raguwa, nan ne ake kifewa. Ga shi motocin da ke zuwa mana nan yawanci sun tsufa, ka taɓa sanda shiru sai can ta zabura. To wanda ya san motarsa shi ya san inda take zabura. Abin da zan ce a yi abu ɗaya a lokaci ɗaya, a ɗaga a tsaya, a juya a hankali a tsaya, a sauke. Kuma a matso da mota da tanki kusa da shato tun farko yadda juyawar ba za ta yi yawa ba. Mai walda, ka ce ma direban ya nuna maka takardar nauyi da ke manne a motar, ka ga tan nawa take ɗauka a wannan nisan da wannan tsawon hannu, ba lambar da aka rubuta a ƙofa ba, waccan ta kusa da gindi ce.

tsohon_soja_Garin_Malam

Salamu alaikum. Ba wanda ya taɓa maganar jirgi, bari in ɗan ce wani abu tunda na yi aikin saƙala kaya a ƙarƙashinsa lokacin da aka tura mu kiyaye zaman lafiya a waje. Ni ba matuƙi ba ne, na ƙasa ne, masu shan ƙura.

Ƙanena abin da ka gani a bidiyo lafiya lau ɗin nan ba haka kawai ya zo ba, kuma su ma kaya na musu lilo har ya fi naku haɗari, domin taku motar na tsaye kan ƙafa huɗu, shi jirgi kayan na jan shi ne yana jan kayan. Dabarar kuma ita ce dai ta Baba, matuƙi na bin kayan ya tsaya a bisa kansa, sai dai shi da jirgin gaba ɗaya yake bi. In a cikin tafiya ne abin ya fara yakan rage gudu ko ya ɗan shiga kwana a hankali har ya lafa. Akwai wanda ke kwance a cikin jirgi yana leƙen kayan ta ƙasa yana gaya mishi dama kaɗan, baya kaɗan, a wasu jiragen kuma matuƙin da kansa ke leƙowa ta taga. Wayarsu takan kai mita 30, wannan lilon nata sakan goma sha ɗaya ne in na bi lissafin Malam, a hankali yake amma faɗinsa ba kaɗan ba.

Kayan da muka fi so shi ne dunƙulalle mai nauyi, janareta, durom cike a cikin raga, wannan zama yake kamar dutse. Wanda muke tsoro marar nauyi mai faɗi, kwanon rufi, kwantena ba komai ciki, irin tankinka kenan, iska na shiga ƙarƙashinsa ya fara tashi da kansa, har yana iya kaiwa ga farfelar wutsiya. Shi ya sa kowane irin kaya da iyakar gudunsa, wani a ɗaura mishi ƴar lema a baya ta riƙe mishi fuska kamar jela, a wuyan ƙugiya kuma akwai wani ƙarfe mai juyawa da kansa don kar waya ta murɗe. Abin da suke da shi ku ba ku da shi, maɓalli a hannun matuƙi, in kaya ya nemi kashe su ya danna ya sake shi ya faɗi. Don haka ba a bi da shi ta saman gari.

Mu na ƙasa abu biyu aka fi ja mana kunne. Farfela na tara lantarki a jikin jirgi, balle a busasshiyar iska mai ƙura irin tamu, in ka kama ƙugiyar da hannu kafin a taɓa ta da sandar da aka haɗa da ƙasa za ta watsar da kai. Sai iskar da yake bugowa ƙasa, tana tada rairayi har matuƙi ya daina ganin ƙasa, kai ma ba ka ganin na kusa da kai in ba tabarau.

Juyawa irin ta katantanwa kuma su ma suna fama da ita. Nemi bidiyon Phoenix ta Amurka na watan Yunin 2019, wata tsohuwa mai shekara 74 da aka ɗauko daga kan dutse a gadon ɗaukar marar lafiya, igiyar da ke hana juyawa ta kasa, iskar farfela ta kama gadon ya dinga juyawa kamar fanka, bai lafa ba sai da jirgin ya fara tafiya gaba. Kaga akala ɗaya ce ta kasa. Yanzu akwai kamfanin Vita Inclinata a Amurka da ke ƙera wata na'ura mai fankoki da ake rataya wa tare da kayan, tana jin ya fara juyawa sai ta hura iska ta ɗaya gefen, har a ƙugiyoyin gini ana sa ta, wani kamfani a Ostareliya kuma da ƙarfe mai juyawa a cikin akwati yake yi, mutum na nesa da rimot ba mai riƙe igiya.

In kana son ka san iyakar abin, jirgin Mi-26 na Rasha na ratayo tan 20. Kuma nan maƙwabta a Chadi a watan Yunin 1988 Amurkawa sun zo da jirgi mai saukar ungulu samfurin Chinook da dare suka rato wani jirgin yaƙi mai saukar ungulu da sojojin Libiya suka bari a Wadi Dum, suka kai shi Njamena, guguwar rairayi ta same su a hanya kuma suka isa da shi. Jirgi rataye da jirgi a cikin irin ƙurar da ka sani.

mai_walda_Zango

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba, Malam, Hajiya, yallaɓai soja, wlh na karanta ya fi sau uku. Yanzu na gane tun a ƙasa muka ɓata, don na tuna motar nesa ta tsaya saboda rairayi, wayar a karkace ta sauko muka jawo ƙugiyar da hannu muka saƙala, ban san wannan shi ne fizgar farko ba. Kuma sarƙoƙin gajeru ne, na je na auna ɗazu, ba su kai nisan kunnuwan ba.

Na kira mai motar na ce ko su kwana a ƙauyen ranar Juma'a mu fara bayan sallar asuba ko in nemi wata, ya yarda. Na samo katakai, na sayi igiya biyu mita 20 kowace da safar hannu, maigari ya ce zai sa a tsare yara. Yaron na samun sauƙi, yau ya iya lanƙwasa yatsu, yana ta cewa zai je ranar Asabar na ce a'a.

Saura abu ɗaya Baba. Da can mukan sa mutum biyu a bisa shato su tarbi tanki su daidaita shi kan ramukan kusoshi, yanzu kuma tsoro nake ji. Yaya kuke yi?

tsohon_direban_ƙugiya

Madalla ɗana. Kar kowa ya hau tukuna. Ka ƙara kunne biyu su zama huɗu don tankin ya daina rangaji, ka walda ƴan ƙarafa huɗu a bakin dandamalin masu buɗewa waje kamar bakin mazurari, tsawon ɗani ɗaya ya isa, su za su ja gindin tankin ya zauna wurinsa. Ka shafa fenti a tankin da dandamali inda ramuka za su haɗu, masu akala su juya shi daga ƙasa har fenti ya dace da fenti. Sai ya zauna nauyinsa ya koma kan shato, waya ta ɗan saki amma ba a cire ƙugiya ba, sannan mutum ɗaya ya hau da bel ɗin tsaro ya ɗaure kansa a ƙarfe. In rami bai dace ba da ƙarfe mai tsini zai nemo shi, kar ya sa yatsa a ciki. Ya ɗaura kusoshi huɗu tukuna sannan ya kwance sarƙa. Wane ƙauye ne, in jikina ya yarda zan biyo motar in tsaya maka a matsayin mai ba da hannu.